Yadda Za Ka Gane Ko Wayar Haɗa Kayan Kiɗa Ce Ke Ɓata Maka Sauti, Da Yadda Za Ka Gyara Ta

Duk wanda ya taɓa zama da makaɗan zamani a Garwa kafin a buɗe filin biki ya san musun nan. An gama jera sifikoki, ana jiran amarya, sai mai jita ya zaro wayar haɗa jitarsa mai bakin zinare da aka kawo masa daga Duwala, ya ce tun da ya same ta jitarsa ke zubar da zuma. Mai fiyano ya ce shi jar waya yake so, ta fi baƙa zafin kiɗa. Mai kalangu, wanda ba ya haɗa waya da komai, ya ce a ba shi aron ta zinaren ya ɗaura wa kalangunsa, ko zai fara kiɗa da Faransanci. A yi dariya a tashi.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke koyon aikin sauti a hannuna suna ɗaukar zancen da gaske. Yaro ya tara kuɗin biki uku ya zuba a waya guda, alhali ciwon nasa ƙurar hunturu ce da ta cika ramin jak, wato inda ake cusa kan waya. Na haura shekara goma ina haɗa sauti a bukukuwa tsakanin Garwa, Gidar da Marwa, kuma abin da na tabbatar shi ne waya ba ta ƙara wa kiɗa daɗi. Ko dai ta isar da sautin yadda ya fito, ko ta rage shi, ko ta kwaso masa hayaniya a hanya. Don haka mai cewa waya tana da tasiri bai yi ƙarya ba, sai dai ba a launinta ko tsadarta gizo ke saƙar ba. Ga yadda nake bin abin.

Kayan da za ka tanada

- Mita ta masu gyaran rediyo, wadda ke yin ƙara idan bakunanta biyu suka haɗu
- Ayan na narka dalma, mai ƙarfin wat 30 zuwa 40
- Dalma siririya ta aikin lantarki, mai ƙaro a cikinta
- Filaya ƙarama, reza sabuwa, da sukudireba
- Kawunan jak na milimita 6.35, waɗanda a nan muke ce wa fish, masu jikin ƙarfe da ake kwancewa
- Alkol na kantin magani, audugar goge kunne, tsumma mai tsabta
- Salatif baƙi, da wani mai launi don yin alama
- Gajeriyar waya guda, mita 2 ko 3, wadda ka tabbatar lafiyarta ƙalau
- Tsabar kuɗi guda, takarda da biro, da abokin aiki ɗaya

Gajeriyar wayar nan ita ce alƙalinka. Ka ajiye ta daban, kada ka ba kowa aro, kada ka yi biki da ita.

Idan babu mita, batirin tocila da ƙaramin ƙwan fitila da guntun waya za su nuna maka ko hanya a buɗe take. Idan babu wuta, ayan na garwashi irin na tsofaffin masu gyaran rediyo yana aiki, sai dai ka goge bakinsa daga toka duk lokacin da ka ciro shi. Dalma kuwa kada ka karɓi ta masu gyaran lagireto: ruwan da suke haɗa ta da shi yana cin jan ƙarfe, bayan 'yan watanni wurin ya yi kore ya rabu.

Wayoyi iri huɗu ne, ka san su

Ta farko ita ce wayar jita da fiyano. A tsakiyarta akwai silin jan ƙarfe guda da ke ɗauke da sauti, a kewaye da shi kuma saƙar jan ƙarfe kamar riga, wadda ke tare hayaniya. Kanta yana da zobe baƙi ɗaya. Ta biyu wayar makirfo ce mai haƙori uku, XLR: sili biyu a ciki da riga a waje. Ita ce ke jure nisa, ko mita 30 ka ja ta ba ta damu ba. Akwai kuma jak mai zobe biyu da ke iya yin irin aikinta. Ta uku wayar sifika ce, sili biyu masu kauri, babu riga, daga amfilifaya zuwa sifika kawai. Ta huɗu su ne MIDI da USB, waɗanda ba sauti suke ɗauka ba, saƙon lambobi ne. Waɗannan ko su yi aiki, ko su riƙa yankewa, ko su ƙi sam. Wanda ya ce maka wayar MIDI ɗinsa ta sa fiyano ya yi zaƙi, wasa yake maka. Ka dai kiyaye tsawo: MIDI kada ta wuce mita 15, USB na yau da kullum kada ta wuce mita 5.

1. Rage murya, sannan ka canja abu ɗaya tak

Kafin ka zare ko ka cusa kowace waya, mayar da muryar layin a miksa, wato na'urar da ke tattara dukkan sautuka, zuwa ƙasa. Ƙarar "ɗum" da ake ji idan an zare jak da murya a sama tana iya ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Yanzu cire wayar da kake zargi, sa alƙalin a madadinta, kada ka taɓa komai bayan wannan. Matsalar ta tafi? Waya ce. Tana nan? To ka wanke wayar daga zargi, ka koma kan ramin jak, ko layin miksa, ko wutar da ake ba kayan. Babban kuskuren masu koyo shi ne su canja waya, su canja layi, su murɗa maɓallai uku lokaci guda, in abin ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, gobe kuma ya dawo.

2. Saurari irin kukan

Kowace cuta da muryarta. Idan ƙarar ƙaras-ƙaras ce da ke zuwa lokacin da mai jita ya motsa, sili ne ya kusa tsinkewa, galibi dab da kai, ko kuma bakin ya yi datti. Kama wayar ka riƙa lanƙwasa ta a hankali taki-taki daga wannan kai zuwa wancan, inda ƙarar ta tashi nan ne ciwon.

Idan gurnani ne mai kauri da ba ya tsayawa, wannan kukan wutar lantarki ne. Wutarmu a Kamaru bolt 220 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce kake ji. Yana shigowa idan rigar waya ta tsinke, ko an shimfiɗa wayar sauti a jikin wayar wuta tsawon fili, ko an naɗe ta kusa da adaftar fiyano. Raba su da tazarar taki biyu ko uku. In dole sai sun gamu, su gitta juna kamar mararraba, kada su jera. Wani lokacin kuma gurnanin ba daga waya yake ba: fiyano na kan soket ɗin gidan biki, miksa na kan gurup, wato janareta. Haɗa duk kayan sauti a tushen wuta guda.

Idan "tit-tiri-tit" ce da ke zuwa ta wuce, wayar salula ce wani ya ɗora kan miksa ko amfilifaya. Ɗauke ta, shi ke nan.

Gargaɗi guda da ba na wasa da shi: kada ka karya haƙorin ƙasa na filogin wuta don kashe gurnani. Gurnanin zai iya raguwa, amma ranar da wuta ta zubo jikin amfilifaya, ta leɓen mawaƙi ko yatsun mai jita za ta bi ta sauka ƙasa. Idan mawaƙi ya ce makirfo na ɗan cizonsa a leɓe, tsayar da komai a nemo mai aikin wuta.

3. Duba ko wayar ta dace da ramin da aka cusa ta

A nan ne aka fi cewa "waya ta canja mini sauti", kuma da gaskiyar mai faɗa. Ƙananan fiyano da yawa ba su da mafitar sauti sai rami guda, na abin saurare a kunne. Ramin nan hagu da dama yake fitarwa tare. Sai yaro ya ɗauko jak mai zobe biyu a kowane kai, ya haɗa shi kai tsaye da layi guda na miksa. Ita kuwa miksa, a irin wannan rami, aikinta shi ne ta cire abin da ke sili ɗaya daga abin da ke ɗayan, da haka take kashe hayaniya. Da ka ba ta hagu da dama, sai ta cire dama daga hagu. Duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu, wato bes da babbar ganga da jigon kiɗan, sai ya ɓace ko ya yi nisa kamar daga cikin rijiya.

Na taɓa tarar da haka a wani biki a Marwa. Mai fiyano ya kusa kuka, yana cewa, "Maigida, wallahi da safe lafiya na bar shi, yanzu ji yadda ya koma kamar gwangwani." Har ya fara zargin an yi masa wani abu. Wayar sabuwa ce fil, mai tsada, babu abin da ya same ta. Ba wurinta ba ne kawai.

Maganin shi ne waya mai rassa: kai guda mai zobe biyu a wajen fiyano, ta rabu gida biyu, kowane reshe da kai mai zobe ɗaya, su shiga layi biyu na miksa. In fiyanonka babba ne irin Yamaha PSR mai ramuka biyu a baya, ɗaya an rubuta L/L+R ɗaya R, kuma layi ɗaya kawai ya rage maka a miksa, cusa jak mai zobe ɗaya a L/L+R, fiyanon da kansa zai haɗa ɓangarorin biyu.

Ɗaya rikicin shi ne musanya wayar jita da ta sifika, tunda sau da yawa kawunansu iri ɗaya ne. Wayar sifika a jita gurnani za ta cika fili da shi, don ba ta da riga. Wayar jita a sifika ta fi haɗari: silinta siriri ne, zai yi zafi, yana iya narkewa ya haɗe ya kashe amfilifaya. Kwance kai ka leƙa ciki in kana shakka. Ga sifika nemi mai kaurin sili murabba'in milimita 1.5, in nisan ya yi yawa ko sifikar bes ce, 2.5. Ni duk wayoyin sifikana na naɗa musu jan salatif a kai biyu.

4. Auna da mita

Zare wayar daga komai. Sa mita a wurin da take ƙara. Tsinin wannan kai da tsinin wancan: ta yi ƙara. Jikin wannan da jikin wancan: ta yi ƙara. Tsini da jiki: ta yi shiru, in ta yi ƙara sun haɗe a ciki. A XLR haƙori na 1 ya tafi na 1, na 2 ya tafi na 2, na 3 ya tafi na 3, kuma kada wani ya taɓa wani. Kana aunawa abokin aikinka na murɗa wayar, domin wadda ta kusa tsinkewa tana cin jarrabawa in tana kwance shiru.

5. Goge bakin

Daga Disamba zuwa Fabrairu rabin wayoyin da ake kawo mini "sun mutu" ƙura ce kawai. Jiƙa tsumma da alkol ka murza kan jak har ya yi ƙyalli. Ramin kuma, bayan ka kashe na'urar, shafa alkol a kan jak ka cusa ka zare sau goma. Kada ka kankare da sanfefa, kada ka fesa man kwance noti, maiƙonsa ƙura yake kira. Amfanin bakin zinare ke nan, kuma iyakarsa ke nan: ba ya tsatsa.

6. Sake ɗaura kai

Idan ciwon dab da kai yake, yanke wajen santimita 5 ka yar. Kafin komai zura murfin sabon kan a jikin wayar. Kowa ya taɓa mantawa da wannan, ya gama aiki mai kyau sannan ya ga murfi a ƙasa.

Fere baƙar robar waje kamar santimita 2 da reza, a hankali, kana juya wayar, kada ka yanki rigar. Tattara silin rigar gefe guda ka murɗe su su zama igiya ɗaya. A wayoyin jita masu kyau za ka ga wata baƙar fata siririya a kan farar robar ciki. Wannan fatar tana ɗaukar wuta. Kankare ta baya sosai, in ta taɓa silin tsakiya sautin zai yi rauni ya dushe, kai kuma ka rasa dalili. Sannan fere farar robar kamar milimita 4.

Shafa wa silin tsakiya dalma, shafa wa igiyar rigar, shafa wa wuraren biyu a jikin jak. Sai ka haɗa: tsakiya zuwa ɗan kunnen tsini, riga zuwa dogon ƙarfen jiki. Ɗora ayan kan ƙarfen daƙiƙa biyu ko uku, dalmar ta kwanta da kanta, ɗauke ayan, kada ka motsa kuma kada ka hura har ta daskare. Haɗi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta lif. Wanda ya yi dunƙule kamar kashin akuya bai kama ba, sake shi. Idan ka daɗe da ayan a kai, farar robar za ta narke tsakiya ya taɓa riga.

Bari ya huce, matse haƙoran riƙo da filaya a kan baƙar robar waje, domin in an fizgi waya su za su ɗauki nauyin, ba dalma ba. Sa 'yar rigar roba da ta zo da kan, in babu naɗa salatif, rufe, sake aunawa. A XLR riga tana zuwa 1, sili mai launi zuwa 2, ɗayan zuwa 3, iri ɗaya a kai biyu. Ka yi aikin a inda iska ke wucewa, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, dalma guba ce.

Wani abu da za ka gano da ka fere waya: ba duk mai jan launi ne jan ƙarfe ba. Kankare sili ɗaya da reza, in cikinsa fari ne, alminiyom ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, ba ya shan dalma da kyau kuma yana karyewa da wuri. In maganaɗisu ya kama shi, baƙin ƙarfe ne. In rigar 'yan sili ne tsiraru da kana ganin farar roba ta tsakaninsu, ba za ta tare hayaniya ba. Irin wannan kada ka ɓata sabon kai a kanta. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce: sayi mita ɗaya ka fere a gaban mai shago kafin ka sayi ashirin.

7. Daidaita tsawo da abin kiɗa

Jita mara batir sautinta mai rauni ne, kuma kowace mita ta waya tana ɗan shanye siririn ɓangarensa. A mita 3 ba ka ji. Da ka wuce mita 6 kunne mai kyau zai fara ji, a mita 10 kuwa jitar ta dushe kamar an rufa mata bargo. Wannan ce gaskiyar da ke cikin zancen mai jita. Fiyano da jita mai batir 9V sautinsu da ƙarfi yake fitowa, wannan shanyewar ba ta dame su ba, sai dai doguwar waya mai zobe ɗaya tana iya kwaso gurnani.

In miksa tana nesa, yi amfani da ɗan akwatin DI: gajeriyar jak daga abin kiɗa zuwa akwatin, XLR daga akwatin zuwa miksa. Yana da maɓallin raba ƙasa da ke kashe gurnani ba tare da an taɓa filogin wuta ba. In babu DI, matso da amfilifayar jita kusa da mai jita ka sa mata makirfo a gaba, ko ka matso da miksar kanta.

8. Naɗewa da ajiya

Kada ka naɗe waya a gwiwar hannu kamar igiyar guga, yana murɗe silin ciki. Yi zagaye ɗaya daidai, na biyu a juye, haka har ƙarshe, ka ɗaure da tsumma. Wajen zarewa kama kai, ba waya ba. A zafin Maris da Afrilu, da Garwa ke haura digiri 40, kada ka bar jakar wayoyi a bayan mota ko kan kwano, roba tana bushewa ta tsage. Inda mata za su yi rawa da takalma masu tsini, bi da waya ta gefe ko ka rufa mata tabarma.

9. Gwajin juya baya, don raba musu

Wannan shi ne abin da nake yi idan musun ya ƙi ƙarewa. Ɗauki wayoyi biyu masu lafiya, tsawonsu ɗaya, mai tsada da ta yau da kullum. Mai musun ya zauna ya juya baya, a inda ba zai ga hannunka ba. Kunna kiɗan da ke cikin fiyano da kansa, don kada bugun hannu ya bambanta. Kada ka taɓa maɓallin murya tsakanin gwaji da gwaji, domin kunne yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi. Toshe layin da maɓallin shiru, canja, buɗe.

Da farko bar shi ya ji kowace yana sane da ita, har ya ce ya riƙe bambancin. Sannan jefa tsabar kuɗi: kai, mai tsada, bayanta, ɗayar. Ko da waya ɗaya ce ta fito sau biyu a jere, zare ka mayar, don kada shirun ya tona. Kada ka yi magana, kada masu kallo su yi dariya ko gyaran murya. Sau goma, kana rubutawa, ba ka faɗa masa sakamako sai an gama. Mai canki kawai yakan ci wajen biyar. Sai ya ci tara ko goma za a ce kunnensa ya ji wani abu.

Ga jita, mai jitar ne zai juya baya yana buga abu guda, kai kana canjawa, kuma ka rataya wayar ta yadda ba zai gane ta da nauyi ko taɓi ba.

Mun yi wa mai jitarmu haka wata ranar Lahadi a tsakar gidana. Tsakanin ta zinaren da tawa da na ɗaura da hannu, duka mita 3, ya ci shida. Ya ce a sake, ya ci huɗu. Sai na ce, "Yaya, tsaya ka ji wani abu," na ɗauko mai mita 10 na gwada ta da mai mita 3. Goma cif ya ci, bai ko yi jinkiri ba. Har yau da ta zinaren yake kiɗa, don kanta da ƙwari kuma ba ta taɓa ba shi kunya a fili ba, amma doguwar da yake yawo da ita cikin taro ya kawo mini na raba ta biyu, na ɗaura wa kowane rabi sabon kai.